Abin da Ya Kai Babanku Hanyar Shinkafi Bayan La'asar

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai.

Uwani, ɗiyata,

Assalamu alaikum. Ina fatan kin sauka Birnin Kebbi lafiya, kin iske kawunki da iyalinsa ƙalau. Allah Ya tsare ki a tafiyarki da zamanki, Ya haɗa ki da mutanen kirki a wurin aiki, Ya raba ki da sharrin hanya da na mutum. Na naɗe takardar nan cikin sallayarki don na san ba za ki gan ta ba sai kin isa kin tashi yin salla. Ki yi sallarki tukuna, sannan ki zauna ki karanta, ke kaɗai.

Ke ce ɗiyar fari. Shekara ashirin da huɗu ban taɓa kiran sunanki na yanka ba, balle in zaunar da ke in yi miki zancen jini. Sau uku cikin makon nan na shigo ɗakinki kina haɗa kaya da niyyar in yi magana, sai in ɓige da tambayarki ko kin ɗauki bargo. To, abin da baki ya kasa, bari alƙalami ya yi. Kin san an ƙone motar Babanku a hanyar Shinkafi shekara biyu da suka wuce, kina Sakkwato kina jarrabawa. Abin da ba ki sani ba shi ne dalilin da ya sa mutumin da bai taɓa bin hanyar nan bayan la'asar ba ya bi ta ranar. Ni ce dalili. Zan faɗa miki daga farko, kuma ba zan wanke kaina ba.

Abin ya faro tun muna Zurmi, ina koyar da 'yan aji huɗu. Wata rana hedimasta ya tara mu ya ce an shigo da inshorar lafiya ta ma'aikata: za a riƙa cire ɗan wani abu daga albashi duk wata, in ciwo ya zo a duba mutum da kati. Ya ce masu rajista za su zauna a sakateriya kwana uku, kowa ya je a ɗauki hotonsa da yatsunsa, ya zaɓi asibitin da zai riƙa zuwa. A ofishin malamai dariya aka yi ta yi. Wani ya ce sabuwar dabarar yankar albashi ce. Wata ta ce ko ƙafarka ce ta karye, farasitamol za a miƙo maka. Ranar farko na je na ga layi har bakin titi, rana ta take, na juyo. Rana ta biyu ana bikin ɗiyar Inna Hassi, yayata, a Dauran. Rana ta uku ina gajiyar biki. Na ce wa raina ai tunda ana cirewa a albashi, sunana yana can. Kuma ni da sai in shekara ko ciwon kai ban yi ba, me zan yi da kati?

Uwani, makon farko da za ki shiga ofis za a ba ki takardu da yawa ki cika. Ki nemi ta inshora da bakinki, ko ba a miƙo miki ba. Cire kuɗi daban, rajista daban. Ni malama ce mai karanta takardar albashinta duk wata, amma ban gane wannan ba sai ina kwance. Ki tsaya a layi ko zai kai ki magariba. Kada ki bar wurin sai kin ji ranar da katin zai fito da ranar da zai fara aiki. Ki zaɓi asibitin da ke kusa da inda kike kwana, in kin tashi daga unguwar ki je ki canza.

Ina da shekara arba'in da biyar al'adata ta fara wasa da ni. Ta tsallake wata biyu. Na ɗauka ciki ne, kunya ta rufe ni, ga ki budurwa a jami'a. Sai ta dawo kamar an fasa tulu, kwana goma sha biyu. Daga nan ba ta sake bin ƙa'ida ba. Sannan zafin ya zo. Ina tsaye gaban allo ina rubutu, sai in ji wuta ta taso daga ƙirji ta hau wuya ta rufe fuska, zufa ta jiƙa hijabi har yara su fara kallon juna. Barci ya ƙaurace mini. Zuciyata ta riƙa bugawa ba gudu ba tsoro. In ajiye makulli in manta, in fara kiran sunan yaron da na koyar shekara biyu ya ɓace mini. Ga faɗa. Kin fi kowa sanin faɗan, zan dawo kansa.

Ban faɗa wa Babanku ba. Mun baro Zurmi a lokacin, bayan harbe-harben da suka hana mu barci a gefen gari, mun kama haya a nan Ƙaura, yana ta faman neman layin lodi a tashar mota. Na ce ba zan ƙara masa ba. Wadda na faɗa wa ita ce Inna Hassi, ranar da ta zo daga Dauran da ɗan gero. Ta dube ni ta ce, "Ke Rabi, mi ka damun ki? Kin koma awa kara."

Na ba ta labari a taƙaice, kaina a ƙasa.

Ta ce, "Wanga ai girma ne. Haka Innarmu ta yi, ta daure har ya wuce. Asibiti mi za su yi maki, in ba su tuɓe ki gaban ɗiyan cikinki ba?"

Ba na ganin laifinta, abin da ta sani ta faɗa. Laifina ne da na je wurin wadda na san za ta gaya mini abin da nake son ji. Akwai wadda ta gaya mini gaskiya, malamar Islamiyyarmu. Na same ta bayan karatu na tambaye ta hukuncin salla da azumi ga matar da jininta ya wuce kwanakinsa. Ta yi mini bayani dalla-dalla, yadda zan ƙirga kwanaki, yaushe zan yi wanka, yadda zan sake alwala. Da ta gama ta riƙe hannuna ta ce, "Wannan hukuncin salla ne na ba ki, Malama Rabi. Hukuncin jikinki yana wurin likita. Ki je." Na ɗauki rabin maganarta na bar rabi a kan tabarma.

Ɗiyata, ɗaukewar al'ada ba cuta ba ce, kowace mace da Allah Ya ba tsawon rai za ta iske ta, wasu ma ba sa jin komai. Amma jinin da ke sa ki canza ƙunzugu kafin ki gama darasi ɗaya, jinin da ke fita guda-guda, wanda ke sa ki haki in kin ɗaga bokiti, wannan ba abin daurewa ba ne. Kada ki kira tsoro da sunan haƙuri kamar yadda na yi. Kuma duk mijin da Allah Ya ba ki, kada ki ɓoye masa ciwo don tausayinsa. Ciwon da kika ɓoye masa yana ƙarami, shi zai ɗauke shi in ya girma.

Maimakon asibiti sai na kama ƙofar kemis. Na ce masa zazzaɓi da kasala, don ban iya faɗa wa namiji sauran ba. Ya yi mini allurar maleriya. Bayan mako uku ya ce taifot ce. Daga nan maganin ƙarin jini na kwalba, daga nan na barci. Kowane zuwa kuɗin ba shi da yawa, shi ya sa ban ji zafinsa ba. Wata Alhamis na bi Babanku kasuwar Shinkafi da sunan sayen atamfa, na sulale wurin wata mai sassaƙe da aka kwatanta mini, ta haɗa mini jiƙo a jarka, ta ce sai na maimaita sau bakwai. Na maimaita sau biyar. Na ci adashina biyu a haka. Tunkiyata da ke wurin Inna Hassi ta tafi, na ce mata kuɗin makarantar ƙannenki ne. Shekara ɗaya da rabi ina zuba kuɗi a wuraren da ba wanda ya taɓa auna jinina. Da rubu'in abin da na kashe na kai asibiti tun farko, da ya isa gwaji da magani har da canji.

Ki kiyayi ciwon da ake biya kaɗan-kaɗan. Duk wanda zai ba ki magani bai gwada ki ba, cinikinsa yake yi. In kin sha magani sau biyu abu bai tafi ba, ba ƙarin magani kike buƙata ba, sanin sunan ciwon kike buƙata.

Ranar Talata ce, dawa ta fitar da kai ana jiran girbi. Ina kiran suna a aji, na kai tsakiyar rajista, sai na ga layukan suna hawa kan juna. Na ce bari in zauna. Ban kai kujera ba. Na farka a bayan keke-napep, kaina a cinyar wata abokiyar aikina, ta yafa mini gyalenta a ƙugu don zanena ya ɓaci har ƙasa. Yara arba'in sun gani. Abin da na ɓoye wa mijina shekara ɗaya da rabi, 'yan aji huɗu suka kai wa iyayensu labari kafin azahar.

A asibiti aka ja fatar idona aka ga fari fat. Ma'aikaciyar jinya ta ce sai an ƙara jini yanzu-yanzu. Babanku ya iso daga tasha da makullin mota a hannu, ko kashe ta bai yi daidai ba. Aka tura shi teburin masu inshora, don abokiyar aikina ta ce ai mu malamai muna ciki. Ina jin su daga kan gado, labule ne kawai tsakaninmu.

Mutumin ya ce, "Ina katinta?"

Babanku ya leƙo. Na ce, "Ana cire mini duk wata. Shekara uku ke nan."

Ya karɓi sunana da lambar aikina, ya buga, ya sake bugawa da wani harafi, ya kira wani a waya. Ya yi ƙoƙari, Allah Ya sani. Daga baya ya taso ya zo bakin labulen da kansa ya ce, "Hajiya, kin je an ɗauki hotonki da yatsunki?"

Na girgiza kai.

Ya ce, "To sunanki bai shigo ba. Zan taimaka a yi rajistar cikin makon nan, amma ko an yi yau, sai an jira kafin katin ya fara aiki. Wannan kwanciyar dai sai ku biya."

Babanku ya naɗe hannun riga aka ɗebi leda ɗaya a jikinsa, ya nemo ta biyu. Kuɗin gado, kuɗin gwaji, kuɗin hoton ciki, kafin la'asar abin da ya tara na sayen taya ya ƙare. Da ya dawo ya zauna a bencin gefen gado, ya daɗe yana kallon ledar jinin tana ɗiga. Sai ya ce, "Tun yaushe?"

Na ce, "Tun kafin mu baro Zurmi."

Ya ce, "Ɗaki ɗaya muke kwana, Malama." Da zagina ya yi da na fi samun sauƙi.

Washegari likita ta zo, mace ce dattijuwa mai magana a hankali. Ta ce hoton ya nuna fatar cikin mahaifa ta yi kauri. Ta ce mata da yawa masu shekaruna haka kan faru gare su in al'ada na shirin ɗaukewa, amma ba za ta ɗora ni kan magani ba sai an ɗebi ɗan nama an auna, a tabbatar ba ciwon daji ba ne. A Gusau ake yi, kuma ba ta so a wuce mako biyu. Ta rubuta kuɗin a bayan takarda ta miƙa wa Babanku. Na ga yadda ya ninke takardar sau huɗu kafin ya sa aljihu.

Da yammar Laraban nan ya dawo ya ce wani ɗan kasuwa yana neman shatar mota gobe Alhamis, a kai shi Shinkafi da kaya, a jira shi ya gama ciniki, a dawo da shi. Zai biya ninki uku.

Na ce, "Ƙarfe nawa zai gama?"

Ya ce, "Ya ce da wuri."

Uwani, na san ƙarya ce. Na san ba mai biyan ninki uku don a dawo da shi da azahar cikin jerin motoci. Sauran direbobi sun ƙi ne, shi ya sa kuɗin ya hau. Shekara ashirin yana bin hanyar nan, dokarsa ɗaya ce: in an kira la'asar bai baro ba, can zai kwana. Ina da zoben Innata da 'yan kunnen aurena a ƙasan akwati, da na ce a kai kasuwa da sun biya. Ina da ƙane a Birnin Kebbi, kawunkin nan da kike gidansa, da na kira shi da ya turo kafin in ajiye waya. Amma kiransa na nufin in faɗa masa abin da ke damuna. Kuma kalmar nan ta daji tana ta yawo a kaina, na tsorata, ina so a yi gwajin ko ta halin ƙaƙa. Sai na ce, "Allah Ya tsare." Wannan shi ne mafi munin abin da na taɓa yi, kuma da addu'a na yi shi.

Ranar Alhamis ya kira da azahar ya ce mutumin bai gama ba. Ya kira da la'asar ya ce suna ɗaure kaya. Na ce ya kwana. Ya ce mutumin ya ƙi, kuma rabin kuɗin sai sun iso Ƙaura. Ƙarfe biyar na kira, ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Biyar da rabi, a kashe. Kafin magariba sai na ji masu jinya a baranda suna ƙus-ƙus, wata na cewa an tare hanya, wata na cewa mota uku, wata biyar. Da suka ga ina kallonsu suka yi shiru. Na cire robar ƙarin ruwa daga hannuna da kaina, na kai bakin ƙofa jiri ya mayar da ni. Ma'aikaciyar jinya ta kama ni tana cewa, "Ina za ki? In kin fita wa za ki tambaya?" Aka kira salla, aka idar, ba labari. Ba zan ba ki labarin sauran sa'o'in ba. Ba na so ki san su.

Washegari da hantsi ya shigo ɗakin, ba takalmi, ba hula, ƙafafunsa duk ƙaya da jini, rigar wani a jikinsa. Ya ce su ne mota ta uku. Da ya ga ta gaba ta tsaya cak, ya ji harbi, sai ya karkata cikin rami ya buɗe ƙofa, shi da ɗan kasuwar suka faɗa gonar dawa. Tsawon karan ne ya rufe su. Suka yi ta rarrafe har suka daina jin baburan 'yan bindigar, wasu manoma suka ɓoye su. An kwashe kayan, an cinna wa motar wuta. Mutanen motar farko an tafi da su daji, wata biyu kafin a gan su.

Na fashe da kuka ina cewa ni na ja. Ya ce, "Yi shiru, mutane na ji. Mota ƙarfe ce." Sai ya ciro rabin kuɗin da aka ba shi tun safiyar Alhamis, wanda ya ɗaure a mazagin wando, ya ajiye a kan gado. Ya ce, "Wanga zai kai mu Gusau. Kira ƙanenki ya cika." Cikin minti biyar na yi kiran da na kasa yi shekaranjiya. Kawunki bai tambaye ni komai ba sai lambar asusu.

Ɗiyata, in kina cikin matsi, ki fara da abin da kunya kawai zai ci miki. Ki sayar da zobe, ki kira dangi, ki faɗi sunan ciwon ko muryarki na rawa. Kada ki bar wani ya sa ransa a inda ke za ki iya sa fuskarki. Kuma in kin ga mutum zai yi ganganci saboda ke, addu'a ba ta isa ba, ki buɗe baki ki ce ban yarda ba.

Kwana goma sha ɗaya muka jira sakamako. Ba daji ba ne. Babanku ya yi sujada a barandar asibiti, mutane na tsallake shi.

Za ki ɗauka na yi hankali daga nan. Da saura. Katin ya fito, ya fara aiki, kuma ba zan yi butulci ba: ganin likita, awon jini, maganin ƙarin jini, maganin hawan jinin da aka gano ina da shi, duk ɗan abu kaɗan nake biya. Masu cewa farasitamol ne kawai ba su taɓa kwanciya ba kati ba. Amma sai na ɗauka ya rufe komai. Ranar da aka ce in koma Gusau a sake duba ni, na hau mota kai tsaye. A can aka ce ina takardar turawa daga asibitinki, ina lambar izini? Babu. Ko in koma Ƙaura in karɓo, ko in biya. Na biya, don ban iya bin hanya sau biyu a rana ɗaya. Sannan maganin da likita ta rubuta mini na daidaita sinadarin mata, mai tsayar da jinin ya kwantar da zafin, aka duba aka ce ba ya cikin jerin da katina ke biya. Na ɗaga murya a gaban taga a asibitinmu na Ƙaura, mutumin nan da ya taimake ni ya juyo da takardar ya nuna mini da yatsa. Gaskiyarsa ce. Jerin yana nan tun ranar farko, ni ce ban nema na karanta ba.

Maganin sai an aiko shi daga Gusau, kuma duk wata da sabon farashi. Babanku ya koma tuƙa motar wani, yana kai wa mai ita balas kullum. Na dube shi na dubi kwalin, na fara raba ƙwaya biyu. Daga baya na koma sha yau, gobe a huta. Ban gaya wa kowa ba. Wata na uku jinin ya dawo, ranar Juma'a ina tsaye ina tuƙa tuwo. Wannan karon ban jira faɗuwa ba, na ajiye muciya na tafi.

Likita ta ƙirga kwanaki, ta ƙirga ƙwayoyin da suka rage a jakata, ta cire tabarau. Ta ce, "Malama, ke kika rubuta wa kanki wannan?"

Na ce, "Kuɗin ne, likita."

Ta ce, "Me ya hana ki gaya mini? Ni jikinki nake gani, ba na ganin aljihunki. Da kin faɗa tun farko da mun bi wata hanya." Ta ce akwai wata roba da ake sa wa a mahaifa mai sakin maganin a hankali, tana rage jinin na tsawon shekaru, kuma tunda gwajina ya fito lafiya za ta dace da ni. Ta ce a ɗakin tazarar haihuwa ake sa ta, kuɗinta bai kai na ƙwayar wata ɗaya ba.

Na ce, "Ɗakin tazarar haihuwa? Ni? Da furfurata?"

Ta ce, "Furfurar ce ke zubar da jinin?"

Na zauna a bencin nan tsakanin masu goyo, biyu daga ciki na koya musu karatu a Zurmi. Suka durƙusa suka gaishe ni, suna satar kallon juna. Na amsa na tambayi yaransu, na ci gaba da zamana. Aka kira ni na shiga. Wata goma sha huɗu ke nan, jinin ya tsaya. Zafin yana nan yana zuwa, amma mun zauna da likita mun tsara abin da zan iya saye ba tare da na ɓoye wa kowa ba, sauran kuma mafici da ruwan randa da rage yaji.

Don haka ki gaya wa likita girman aljihunki kamar yadda za ki gaya masa inda ke ciwo. Ki tambaya: wannan kati na biya? In ba ya biya, akwai wani mai aikinsa da yake biya? In za a tura ni wani asibiti, wace takarda zan riƙe? Ba rowa ba ce, ba ƙauyanci ba ne. Kuma ko da kati, ki riƙa ware wani abu daga albashinki da ba na biki ba, ba na anko ba, wanda ba za ki ranta wa kowa ba. Ciwon mata na tsakiyar shekaru ba duka aka rubuta a jerin nan ba, na gani da idona. Kada ki taɓa rage magani da kanki.

Na ce zan dawo kan faɗa. Hutun da kika zo gida kina aji biyu a jami'a, kika yar da filas ɗin shayi ya fashe, na ce miki ba ki da amfani, na ce kuɗin da ake kashewa a karatunki asara ne. Kika tsince kwalaben da hannu, kika yanke. Tun daga ranar kika daina zama kusa da ni in ina girki. Na lura. Kwana tara ke nan a lokacin ina zubar da jini, ban yi barcin kirki ba, amma wannan dalili ne, ba uzuri ba. Abin da na faɗa ƙarya ne, ban taɓa jin haka a raina ba ko sau ɗaya. Uwa ba ta saba roƙon ɗiyarta gafara ba, ni ina roƙo. Ki yafe mini.

Babanku ya ce kada in taɓa gaya muku dalilin tafiyar nan, don kada ku dube ni da shi. Na saɓa masa, kuma zan gaya masa na saɓa. Ke dai kada ki tayar masa da zancen. In kin kira shi, ki gaishe shi da aiki, ki bar shi ya yi ta ba ki labarin tasha, kada ki yi saurin ajiye waya.

Ɗazu na ce miki ina da darasi gobe da sassafe, shi ya sa ba zan raka ki tasha ba. Ba ni da aji sai ƙarfe goma. Ba zan iya tsayawa in ga mota ta tashi da ke ba, shi ke nan. Zan yini da waya a hannu har ki ce kin isa.

Allah Ya kai ki lafiya, Ya zaunar da ke lafiya, Ya tsare gabanki da bayanki. Ya ba ki lafiyar jiki, Ya ba ki bakin faɗa in ta gagara. Ya sa albarka a albashinki, Ya nuna mana ranar dawowarki muna raye. Ki gaida kawunki da matarsa da yara. Ƙannenki suna gaishe ki. Na yafe miki duniya da lahira.

Wassalamu alaikum.

Mahaifiyarki,
Rabi
Ƙaura Namoda